Shafin Facebook da WhatsApp ko shafin intanet na kanka: wanne ya fi dacewa da ƙaramar sana'a?

Malam, tambayar da ka kawo wannan zaure ta shafi mutane da yawa daga cikinmu, shi ya sa na ga ya fi kyau in amsa ta a fili maimakon in bi ka ta gefe. Ka ce kai kafinta ne, kana ƙera kujeru da gadaje da tebura, kana da shafi a Facebook, kana kuma ɗora hotunan aikinka a WhatsApp, kuma ciniki yana zuwa daidai gwargwado. Sai ga shi wani ya ba ka shawarar ka buɗe shafin intanet na kanka, kai kuwa kana ganin kamar ɓarnar kuɗi ce, tunda abin da za a yi a can kana yin sa a nan kyauta. Ra'ayina shi ne abubuwan nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma wanda ya ɗauke su a matsayin kishiyoyi zai yi kuskure ko da wanne ya zaɓa. Zan jera maka su gefe da gefe domin ka ga inda kowanne ya fi ƙarfi, sannan in faɗi abubuwan da ke hana masu ƙananan sana'o'i buɗe shafi, domin wasu daga cikin dalilan nasu gaskiya ne.

Kafofin sada zumunta suna da fifikon da ba wanda zai yi musu a kai. Mutane suna can tun kafin ka zo, buɗe shafi ba ya ɗaukar rabin sa'a, ba a neman ko sisi daga gare ka, kuma wayar da ke hannunka ta isa. Tun da aka fito da WhatsApp Business a Janairun 2018, ƙaramin ɗan kasuwa yana iya rubuta lokutan aikinsa, ya shirya saƙon maraba da ke amsawa da kansa, daga baya ma aka ƙara masa wurin jera kaya da farashinsu. Ciniki kuwa hira ce, ana tayi ana albarka har a daidaita, kuma babu shafin intanet da zai kai saƙon murya sauƙi a wannan fage. Saboda haka ba na ba ka shawarar ka bar abin da kake yi.

Bambancin yana fara bayyana ne idan muka tambayi kanmu wane ne yake ganin ka. A WhatsApp, wanda yake ganin hoton da ka ɗora a status shi ne wanda ya riga ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa, kuma hoton yana ɓacewa bayan sa'o'i 24. Idan ka yi amfani da jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda, iyakarsa mutum 256 ne, kuma saƙon ba zai isa ga wanda bai ajiye lambarka ba. Ma'ana kullum kana tallata hajarka ne ga waɗanda suka riga suka san ka. A Facebook da'irar ta fi faɗi, amma ba kai ke da ikon zaɓar wanda zai ga rubutunka ba. A Janairun 2018 Mark Zuckerberg, shugaban Facebook, ya sanar da cewa kamfanin zai rage nuna wa mutane abubuwan da shafukan kasuwanci da na kafofin labarai suke wallafawa, ya fifita na 'yan'uwa da abokai. Wannan hukunci ne da aka yanke ba tare da shawarar mai shafi ko ɗaya ba, kuma tun daga lokacin ya zama abin da aka saba gani cewa mai mabiya dubbai ya ɗora hoto amma kaɗan daga cikinsu ne za su gan shi, sai fa idan ya biya kuɗin talla. Ba laifi ba ne kamfani ya nemi riba, amma ya kamata ka san cewa mabiyan da ka tara, hanyar isa gare su tana hannun wani.

Shafin intanet yana kama wani mutum ne daban, wato baƙon da bai taɓa jin sunanka ba amma yana da buƙata a yau. Ka ɗauki matar da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa garin da kake, ta kama gida, tana buƙatar gado da teburin karatu na yara, kuma ba ta san kowa ba balle ta nemi a yi mata kwatance. Abin da za ta yi shi ne ta ɗauki waya ta rubuta wa Google irin kayan da take nema da sunan garin. Wannan mata ta fi mabiyi ɗari daraja a wurinka, domin kuɗinta yana hannu kuma ta riga ta yanke shawarar saye, sauran kawai ta san wurin wa. Hotunan da ka ɗora a WhatsApp ba za su taɓa fito mata ba, shafinka na Facebook kuwa yana iya fitowa, amma sau da yawa za a tare ta da buƙatar ta shiga da asusunta kafin ta ga komai sosai. Shafin da aka rubuta a cikinsa, da kalmomi bayyanannu, irin aikin da kake yi da inda kake da yadda za a same ka, shi ne abin da injin bincike yake iya karantawa ya miƙa mata. Mai bin kafofin sada zumunta yawanci nishaɗi ya fito nema sai ya ci karo da kai, mai bincike kuwa kai ya fito nema ko da bai san sunanka ba.

Akwai kuma batun tsari, wanda na san kai ma yana ci maka lokaci. Ƙarfe goma na dare saƙo ya shigo, wani yana tambaya ko kana yin tebur mai kujera shida. Ka shiga ma'ajiyar hotunan wayarka kana ja da yatsa, kana wuce hotunan iyali da na rasit da na katakon da ka sayo, har ka gano wanda ka yi watanni bakwai da suka wuce, ka tura masa. Ya tambayi tsawonsa, ka tashi ka duba littafinka. Ya tambayi kwana nawa aikin ke ɗauka, ka amsa, daga nan ya yi shiru. Washegari wani ya zo da tambayoyin nan guda uku, jibi ma haka. Kafofin sada zumunta an gina su ne bisa lokaci, sabo yana tura tsoho ƙasa, don haka aikinka mafi kyau na bara ya nutse inda ba mai ganin sa. Shafin intanet kuwa an gina shi ne bisa jigo: gadaje a wuri ɗaya, tebura a wuri ɗaya, kowanne da awonsa da irin katakonsa da kwanakin da yake ɗauka. Adireshi ɗaya za ka tura wa mai tambaya, ya duba a natse, kuma idan ya dawo maka, ya dawo ne da maganar ciniki.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne batun mallaka, domin a nan ne tazarar ta fi girma. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan sa'o'i shida a duk duniya, sakamakon kuskuren da aka yi wajen sauya saitin na'urorin kamfanin. Su ukun kamfani ɗaya ne ya mallake su, tunda ya sayi Instagram a 2012 ya kuma sayi WhatsApp a 2014, saboda haka wanda yake ganin ya raba ƙafa domin yana amfani da dukkansu, a ranar ya gane cewa rumfunansa uku duk a ƙarƙashin rufi ɗaya suke. Sa'o'i shida ba su kashe kasuwa, amma akwai ɗaukewar da ba ta dawowa. Kamfanin Google ya rufe dandalinsa na Google+ a Afrilun 2019. Gwamnatin Indiya ta haramta TikTok a Yunin 2020, kuma duk wanda ya gina cinikinsa a kansa a ƙasar ya wayi gari ba shi da hanyar isa ga mabiyansa. Abin da ya fi waɗannan yawan faruwa ma shi ne na mutum ɗaya: masu kutse su ƙwace asusunsa, ko a rufe masa shafi bisa zargin karya wata ƙa'ida, ya yi ta cike fom yana jiran amsa daga na'ura. A irin wannan hali ba ka da ikon kwashe mabiyanka ka koma da su wani wuri, domin jerin sunayen ba naka ba ne. Zanen aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Yanar gizo ita kanta ba haka aka gina ta ba. Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro ta a cibiyar bincike ta CERN a 1989, kuma a 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa, shi ya sa babu kamfani ɗaya da ya mallake ta. Abin da kake buƙata abu biyu ne: adireshi, wanda masu sana'ar ke kira domen, da kuma masauki, wato kwamfutar wani kamfani da za ta riƙe rubutunka da hotunanka ta riƙa nuna su dare da rana. Gaskiya ita ce su ma haya ce, domin adireshi ana yi masa rajista ne daga shekara ɗaya zuwa goma, sannan a sabunta. Amma haya ce mai sharaɗi bayyananne. Muddin kana sabuntawa, sunan naka ne, kuma idan kamfanin masaukin ya ɓata maka rai kana iya kwashe kayanka ka koma wani, adireshinka ya bi ka, wanda ya rubuta shi shekara biyar da suka wuce ya same ka ba tare da ya san ka yi ƙaura ba. Wannan ikon yin ƙaura da sunanka shi ne ainihin abin da kake biya.

A nan akwai tarkon da ya kamata ka sani. Shafin kyauta da ke zaune a ƙarƙashin adireshin wani kamfani bai ba ka wannan 'yanci ba, ko da ya yi kama da shafin intanet. Google ya taɓa bai wa masu ƙananan kasuwanci damar yin irin wannan shafi ta hanyar rajistarsu ta kasuwanci, sannan ya rufe shafukan a Maris ɗin 2024. Wanda ya buga wancan adireshi a katinsa ko a allon shagonsa, dole ya sake bugu.

Game da yarda kuwa, ba zan kambama abin ba. Shafin intanet ba shaidar gaskiya ba ce, 'yan damfara ma suna da shafuka masu kyan gani, kuma maƙwabcin da ya zauna a kujerar da ka ƙera ya fi kowane shafi iya yi maka talla. Sai dai akwai masu saye da ba su da wannan maƙwabci, musamman makarantu da ofisoshi da kamfanoni, inda ma'aikacin da aka aika neman kafinta zai gabatar wa shugabansa abin da ya samo. Adireshin da ke ɗauke da sunan sana'arka, da imel da ke ƙarewa da wannan suna, da hotunan ayyuka a jere, sun fi sauƙin gabatarwa a kan lambar waya tsurarta.

To, idan amfanin ya kai haka, me ke hana mutane? Na farko kuɗi ne, kuma ba zan ce ba komai ba ne, domin wanda ribarsa ta yau ita ce cefanensa na gobe yana da hujjar yin tunani kafin ya ɗauki nauyin da za a riƙa biya duk shekara. Amma yawancin tsoron yana fitowa ne daga zaton cewa shafi dole ya zama katafaren kanti mai kwandon saye da hanyar biya da kati. Wannan shi ne mai tsada da wahalar kulawa, kuma kafinta ba ya buƙatar sa, tunda ba a sayen gado sai an yi magana. Abin da kake buƙata bai wuce ƙaramin shafi mai fuska ɗaya zuwa uku ba. Kayan aikin ma sun yi sauƙi fiye da da. WordPress, wanda aka fara a 2003 kuma yake riƙe da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, manhajar gina shafi ce ta kyauta. Shaidar tsaro da ke sa a ɓoye bayanan da ke tafiya tsakanin mai ziyara da shafi, wadda a da yawanci sai an saye ta, cibiyar Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta tun ƙarshen 2015, kuma tana da muhimmanci domin tun Yulin 2018 manhajar Chrome ta buɗe shafukan intanet take yi wa shafin da ba shi da ita tambarin rashin tsaro.

Na biyu, wanda a ganina ya fi kuɗin yin ɓarna, shi ne labarin waɗanda suka gwada suka ƙone. Na taɓa zama da wani mai gyaran injuna da ya biya aka yi masa shafi, ya buga adireshin a kati da jikin motarsa, shafin ya yi aiki shekara guda cif. Wata safiya wani abokin cinikinsa ya kira shi ya ce shafin ba ya buɗewa. Muka duba tare a wayarsa, sai ga farar fuska da sanarwar cewa wa'adin adireshin ya ƙare. Na tambaye shi da wane imel aka yi rajista, ya ce bai sani ba. Na tambaye shi kalmar sirri, ya ce ba a taɓa ba shi ba. Wanda ya gina shafin da sunansa da imel ɗinsa ya yi komai, sanarwar sabuntawa a wurinsa take sauka, kuma lambarsa ta daina shiga. Yadda tsarin yake, bayan wa'adi ya ƙare akan ba da ɗan lokaci na sabuntawa, sannan wasu kwanaki 30 da ake iya fanso sunan da kuɗi mai yawa, daga nan a sake shi ga duk wanda ya riga. Mutumin nan bai iya yin ko ɗaya ba domin a takarda ba shi ne mai sunan ba. Abin ya dame ni ƙwarai, saboda bai yi sakaci ba, amana ya bayar a kan abin da ba a taɓa yi masa bayaninsa ba. Irin wannan labari yana yawo tsakanin masu sana'a, kuma duk wanda ya ji shi sai ya ja da baya. Maganinsa kuwa ƙarami ne: a yi rajistar adireshi da sunanka da imel ɗinka, a gabanka, kalmar sirri tana hannunka, sannan ka bai wa magini izinin shiga ya yi aikinsa.

Na uku shi ne kulawa, kuma a nan kafofin sada zumunta sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin kamfanin ne ke ɗaukar nauyin gyara da tsaro. Shafin da aka gina aka manta da shi yana iya cutar da mai shi: lambar wayar da aka daina amfani da ita, lokutan aikin da suka canja, manhajar da ba a sabunta ba har masu kutse suka sami ƙofa. Wanda ya kira lambar da ba ta shiga zai ɗauka ka daina sana'ar ne. Shi ya sa nake cewa ƙaramin shafin da za ka iya gyarawa da kanka daga waya ya fi babban da sai ka nemi wani kafin a canja harafi ɗaya. Ka kuma nace a yi shi marar nauyi, a rage girman hotuna, domin yawancin masu ziyara da waya za su zo kuma da datarsu suke biya, Google ma yanayin shafi a waya yake dubawa wajen jera sakamako.

Akwai cikas na huɗu da ba a cika faɗa ba, wato rubutu. Mutum yana iya ƙera kujerar da za ta yi shekara ashirin amma ya kasa rubuta layi biyar a kan kansa. Hanyar da na ga tana aiki ita ce ka buɗe saƙonninka na wata ɗaya, ka fitar da tambayoyi goma da aka fi yi maka, ka rubuta amsoshinsu yadda kake faɗa da baki. Wannan shi ne rubutun shafinka, kuma ya fi duk wani yabon kai amfani ga mai karatu.

Ba kowa ne yake buƙatar shafi a yau ba. Wanda duk cinikinsa na masu wucewa ne ta ƙofar shago, ko wanda aikin da ke hannunsa ya riga ya fi ƙarfinsa kuma ba ya shirin ƙara ma'aikata, yana iya jira, ya wadatu da sanya sana'arsa a taswirar Google, wanda kyauta ne kuma yana nuna adireshi da lambar waya da lokutan aiki. Kai kuwa, Malam, kayanka masu tsada ne, ba a sayen su sai an duba an kwatanta, mai saye yana iya zuwa daga nesa, kuma hoton aikin da ka yi shekara uku da suka wuce yana iya kawo maka ciniki gobe. Waɗannan siffofi huɗu su ne na sana'ar da shafi yake yi wa amfani sosai, don haka a ganina ya dace ka buɗe.

Ka fara da rajistar adireshi mai gajeren suna da za a iya faɗa a waya ba tare da an maimaita ba, ka kunna sabuntawa ta kai tsaye, ka kuma rubuta ranar ƙarewar wa'adin a littafin da kake rubuta awo. Ka zaɓi hotuna ashirin mafiya kyau, ka ɗora su tare da awo da kwanakin aiki, ka sanya maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗinka kai tsaye domin cinikin ya ƙarasa inda ka saba yin sa. Sannan ka rubuta adireshin a shafinka na Facebook da rasit ɗinka da allon shagonka. Bayan wata shida, ka riƙa tambayar duk sabon wanda ya kira ka inda ya samo lambarka, ka rubuta amsar, domin da wannan lissafi za ka yanke hukuncin sabuntawa idan shekara ta zagayo.